Sana'ar da Na Miƙa ta Bayan Labule

Ranar Talatar da ta wuce, samari uku suka zauna a bencin ƙofar shagona a Tudun Wada suna jiran in wanke musu hotuna. Kowanne da kyamararsa rataye a wuya. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Nura, ya leƙa kan tebur ya ga tawa, ya ce, "Baba Sale, wannan ƙaton abin da ka ɗaura wa kyamara a gindi fa? Turmi ne ko janareta?"

Suka kwashe da dariya. Na buɗe baki zan yi bayani, na kusa da shi ya tare ni. "Ai hoto yanzu ba ya son wahala, Baba. Ka danna kawai, sauran a gyara a editin."

Ni ba gwanin magana ba ne, da an yi mini dariya maganar take tserewa, karatuna kuma a firamare ya tsaya. Amma kwana biyu abin yana cina, don an yi mini tambaya ban amsa ba, ni kuwa ban iya kwana da tambayar wani a wuyana ba. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna. Zan gaya muku amfanin wannan abin, da yadda ake riƙe kyamara, da yadda ake sarrafa fulash. Zan kuma gaya muku yadda wannan hali nawa ya raba ni da hoton mata a biki, wanda shi ne tuwon mai hoto a garin Gombe. Wanda ya rasa shi, ragowar sana'ar romo ce kawai.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a ba hoto ba ne, bulo ne. Maigidana, Oga Yohanna, Batangale ne mai shago a Herwagana. Ya miƙo mini rabin bulon siminti, ya ce in ɗaga shi daidai fuskata kamar kyamara, ya ɗora kofin shayi cike da ruwa a kai. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Ƙafar hagu gaba kaɗan. A ja numfashi, a saki rabi, a tsaya cak. In ruwa ya zuba, a sake daga farko. Sati uku ina haka, masu wucewa suna tambaya ko horo ake yi mini. A lokacin fim ake sakawa, hoto talatin da shida ne a ciki, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. In hannunka ya yi rawa ranar Asabar, sai ranar Laraba za ka sani, lokacin amarya ta riga ta tare, baƙi sun koma garuruwansu.

Ranar da ya fara sa kyamara a hannuna, bai sake ta ba sai da ya ce, "Sale, kalle ni. Kyamara ba a miƙa wa kowa ya riƙe. Ko wanda ya haife ka ne, ka ba shi haƙuri."

Na ce, "To, Oga."

Ban tambaye shi dalili ba, don a ganina dalilin a fili yake. Abu ne mai tsada, in ya faɗi ya fashe. Haka na fahimta, haka kuma na riƙe shekara da shekaru.

Yanzu ga amsarka, Nura. A Turance ana ce masa girif, ni mariƙi nake ce masa. Lokacin da muka bar fim, kyamarar da na iya saya ƙarama ce. Yatsu uku ne ke samun wuri a jikinta, ƙaramin yatsa yana lilo a iska. In ka ɗora mata fulash a ka, sai ta riƙa rinjayowa gaba kamar mai gyangyaɗi, kai kuma kana ta fama da ita da wuyan hannu. Wani bikin da na yi a Bagadaza, tun hantsi har la'asar, da na dawo gida kasa ɗaga buta na yi da hannun dama. Na kwana ina lissafin yadda zan ciyar da iyali in hannun ya mutu. Wani ɗan kasuwa Bakano da ke kawo mana kaya na hannu shi ya kawo mini mariƙin. Ana cire murfin batir, a zura wuyansa a ramin, a murɗa wata 'yar ƙafa mai kamar taya har ya kama. Batir biyu yake ci maimakon ɗaya, don haka ba ka tsayawa canji a daidai lokacin da uwar amarya ta fara hawaye. Nauyinsa yana ƙasa, sai ya yi daidai da na fulash a sama, kyamarar ta zauna a hannu. Ƙaramin yatsa ya sami mazauni. Sannan yana da madanni na biyu a kusurwa. In za ka ɗauki mutum a tsaye, sai ka juya kyamara ka danna nan, ba sai ka ɗaga gwiwar hannu sama kamar fiffiken kaza ba. Wanda ya ɗaga gwiwa, hannunsa zai yi rawa, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Amma yana son lura. 'Yar ƙafar nan tana kwancewa da kanta, in ta kwance kaɗan kyamara sai ta mutu a hannunka ba sallama. Ni sau uku nake taɓa ta: kafin in fita gida, a ƙofar masu biki, da kuma bayan hoto goma na farko. Baturana na sa musu lamba da jan farce, don kada in haɗa tsoho da sabo. Ba na barinsu a akwatin babur cikin zafin bazara, kumbura suke yi su maƙale a ciki. Bakin ƙarfensu ina goge shi da magogin fensir duk Juma'a. Maiɗakina takan ce da ina duba lafiyar jikina kamar yadda nake duba batir, da na kai shekara ɗari.

Wani Alhaji mai sayar da hatsi, Bakatsine, shi ya koya mini tsoron fulash. Ya zo shago da farar shadda mai ƙyalli, an buge ta tana ɗaukar ido, shi kuma baƙi ne wuluk, ga zafi, goshinsa ya yi maiƙo. Na saita fulash kai tsaye na harba masa. Da aka wanke, rigar ta ƙone fari fat ba a ganin aikin wuya, goshin kamar madubi, ga baƙar inuwa a bango ta bayansa kamar wani ya laɓe. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Malam, me na yi maka? Wannan ai hoton wanda aka kama da akuyar mutane ne."

Oga Yohanna bai yi mini faɗa ba. Ya kama kan fulash ɗin ya murɗa shi sama ya ce, "Haske ba a jifan mutum da shi. A ba silin, silin ya ba shi." Haske in ya bugi farin silin ya dawo, saukowa yake a hankali, ya bi fuska ya shiga zaren riga, inuwa ta kwanta ƙasa. Sai dai ka dubi ɗakin tukuna. In bango shuɗi ne ka jefa masa haske, mutanenka za su fito kamar masu zazzaɓi. In ka juya kyamara a tsaye, fulash ya koma gefe, dole ka sake murɗa kansa, in ba haka ba inuwa ta fito ta gefen kunne. Kuma bayan kowane hoto ka jira 'yar fitilar bayansa ta kama. Wanda ya yi gaggawa, hoto na biyu duhu ne. Wannan babu editin da ke gyara shi. Abin da haske bai taɓa ba, babu shi.

Da wannan na ci abinci shekaru masu yawa. A gidajen Musulmi namiji baƙo ba ya wuce zaure, to sai mata su riƙa fitowa rukuni-rukuni, dangin uwa, dangin uba, ƙawaye, a koma a canja kaya a sake fitowa. Kowace tana so a wanke mata nata daban. Biki ɗaya yakan riƙe gidana sati biyu.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da mutanen Borno suka yi ta kwararowa garin nan, tsoro kuma ya shiga kowa. Taro ya ragu. Biki ya koma na 'yan gida, a ɗaura a watse. Mutum mai baƙar jaka cike da batura da wayoyi kuwa, ba wanda ke son tsayawa kusa da shi. Akwai wata coci a Herwagana da na shekara goma sha ina ɗaukar aurensu. Na je wata Asabar, masu tsaron ƙofa suka tsayar da ni daga nesa. Ɗaya daga cikinsu ni na ɗauki hoton aurensa. Ya nuna mariƙin da sanda ya ce, "Baba, wannan na ƙasan fa? Kwance shi." Na kwance, na zazzage batura a kan tabarma, ya ce in kunna fulash in harba sama. Na harba, wata mata ta yi ƙara ta durƙusa. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba, ba don kai ba ne. Amma yau dai ka koma." Ban ga laifinsa ba. Ni ma da ni ne a ƙofar, da na yi fiye da haka. Wata biyu bayan nan, in ban ƙara ba, fasfo kaɗai nake yi, wata rana biyu, wata rana babu.

A cikin wannan hali wani dattijo mai sayar da huluna, Baba Modu, ɗaya daga cikin waɗanda suka zo daga Borno, ya shigo shagona. Ƙaninsa ya rasu bayan isowarsu, ya bar mata mai suna Yagana da 'ya'ya huɗu. Ana rubuta sunayen marayun da za a sa a makaranta, ana neman fasfon uwar, kuma jibi za a rufe. Sun ɗauka da waya sau biyu, an dawo musu da shi, wai duhu ya yi yawa.

Na ce, "Ai abu mai sauƙi. Ku kawo ta."

Ya ce, "Tana takaba."

"To ta fito zaure, ko tsakar gida."

"Gidan haya ne, Malam Sale, tsakar gidan maza ne ke kai da kawowa. A wurinmu mai takaba ba ta tsayawa gaban baƙon namiji. Ta ce gara sunan ya wuce."

Na san malamai suna da magana a kan haka, amma ni ba malami ba ne, kuma ba a zo wurina neman fatawa ba. Na ce, "To yaya za a yi?"

Ya ce, "Akwai ƙanwarta, Falmata. Ka nuna mata inda za ta danna."

Na ce masa a'a. Ya tafi. Na kasa cin abinci. Yara huɗu, jibi, ga ni da kayan aiki suna kwance a tebur. Washegari da hantsi na hau babur na nufi Bagadaza, inda suke haya.

Falmata mace ce da za ta kai shekara talatin, turaren wuta take haɗawa tana kai wa amare. Ta fito zaure da mayafi, hannunta duk man turare. Na ce ta je ta wanke da sabulu. Ta wanke ta dawo. Na shinshina iska na ce ta sake.

Ta ce, "Malam mai hoto, jariri za ka ba ni ne?"

Na ce, "Jariri in ya faɗi yana warkewa."

Na sa aka kawo katifa aka shimfiɗa a gabanta. Na rataya mata igiyar kyamarar a wuya, ba tare da na taɓa ta ba, na ce ta naɗe ragowar a hannu. Ta karɓa da hannu biyu daga sama kamar mai ɗaukar kwano mai zafi. Na ce, "Ba haka ba! Hagu a ƙasa, ki tallafe. Dama a nan, duk yatsu huɗu. Manne gwiwarki da jiki. Ƙafar hagu gaba."

"Duk wannan don in danna abu ɗaya?"

"Don kada ki yar da shi."

Allah ne shaida, abin da ke raina ke nan. Na sa ta juya kyamarar a tsaye, na nuna mata madannin mariƙi. Na koya mata jan numfashi da sakin rabi. Ta gwada a kan Baba Modu sau goma sha, har ya ce wuyansa ya ƙage. Sannan ta ɗaga labule ta shige, ni kuma na tsaya ina sauraron ƙarar faɗuwar da ba ta zo ba.

Ta dawo da ita. Na nemi izinin Baba Modu kafin in duba, tunda fuskar mai takaba ce. Ya ce, "Duba, hoto daban, ido daban." Na duba, duhu ne, sai ka ce an ɗauka a cikin rijiya. Na riga na murɗa fulash sama kamar yadda na saba, ban yi tambayar da ta kamata ba.

Na ce, "Malama, me ke saman ɗakin?"

"Kwano."

"Babu silin?"

Ta yi dariya. "Silin? Ɗakin girki ne da, aka ba mu. Kwanon baƙi ƙirin yake da hayaƙi. Taga ma babu."

Na miƙe fulash ɗin kai tsaye, ta koma. Wannan karon fuska ta fito, amma irin ta Alhajin hatsi: goshi yana ƙyalli, ido a firgice, baƙin bango a baya. Baba Modu ya leƙo ya ce, "Ai ta fito. Ya isa."

Da na ce to a nan, da yau ina da sana'ata. Ana ganin fuska, wataƙila su karɓa. Amma wataƙila ce. In suka dawo da shi karo na uku fa, an rufe? Na ce, "Bai isa ba."

Falmata ta ce, "Me ya sa na farko ya yi baƙi, na biyu ya yi ƙyalli? Ba haske ɗaya ba ne?"

Ga tambaya. Na zauna a bakin katifa na yi mata bayani tun daga tushe, duk abin da na rubuta muku a sama har da wanda ban rubuta ba. Yadda baƙin abu ke shanye haske, fari ya mayar. Yadda haske in ya fito daga ƙaramin wuri yake da kaifi, in ya fito daga mai faɗi yake da laushi. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ce, "Ke nan silin ba dole ba ne. Farin abu ake nema."

Na ce, "Haka ne."

Ta shiga ta fito da wani babban farantin tasa fari, irin wanda ake jera wa amarya, bakinsa ya ɗan ɓantare. Ta ce da shi suka gudo, a ciki ta ɗauro kwalaben turarenta. Na jujjuya shi. Na ce a sami mai ɗaga shi sama ta gefen dama, a karkato shi wajen fuskar Yagana, a murɗa kan fulash ya kalli farantin. Ta ce surukar Yagana tana ciki, za ta riƙe. Na ce saura farin ƙyalle a baya. Baba Modu ya ce akwai ragowar alawayyon da aka yi wa mamacin sutura. Na ce ya yi.

Daga zaure ina jin tsohuwar tana cewa hannunta ya gaji, Falmata tana cewa, "Kaka, ɗaga kaɗan, karkato, yawwa." Haske ya gilma ta ƙarƙashin labule. Na ɗaga murya na ce, "Ki jira jar fitilar ta kama!" Ta ce, "Na gani, Malam, ina jira."

Hoton da ta fito da shi ya fi duk fasfon da na yi a shekarar. Fuska a kwance, babu ƙyalli, babu inuwa. A cikin kowane ido akwai wani ɗan farin da'ira, farantin ne. Na taɓa 'yar ƙafar mariƙi na ji ta a ɗaure, na duba gilashi ba tabo, na yi hamdala kyamarata ta dawo lafiya. An karɓi fasfon, yaran sun shiga makaranta. Na koma gida ina ganin ban yi asarar komai ba.

Bayan kamar shekara guda Falmata ta zo shago, ta gaishe ni da ladabi, ta fito da wata tsohuwar kyamara daga jaka. Ta ce wuyan hannunta yana ciwo, ina ake samun wannan na gindin? Na gaya mata. Na rubuta mata lambar da za ta dace da tata, na kwatanta mata Bakanon, na gargaɗe ta da batirin jabu, na nuna mata dabarar jan farce. Tambayata ta yi. Me zan ce?

Lokacin da gari ya lafa, biki ya dawo, amma bai dawo mini ba. Ita dama tana cikin ɗakin kowace amarya da turarenta. Yanzu ta shiga da kyamara. Mata ba sai sun yafa mayafi sun fito zaure gaban namiji ba. Ana ɗaukarsu a kan gado, da kitso, da lalle, suna rawa, suna shewa. Ɗakin da ba silin, ga faranti. Ta koya wa wasu mata biyu, su ma suka koya wa wasu. Tsofaffin masu hulɗa da ni sai su zo suna sosa ƙeya. "Malam Sale, kai za ka yi mana na maza wajen ɗaurin aure. Na cikin gida akwai mai yi." Na maza minti goma ne, rabinsu sun ɗaga waya a gabanka, kuma ba namijin da ke canja riga ya ce a sake.

Na je gaida Oga Yohanna a Herwagana. Ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani. Na ba shi labarin duka, na ƙare da cewa, "Amma Oga, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Katifa ma na shimfiɗa."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Sale, Sale. Na taɓa ce maka don faɗuwa ne? Kyamara in ta fashe ana sayen wata. Wanda ya riƙe ta daidai sau ɗaya, ya ga abin da hannunsa ya fitar, ba zai ƙara kiranka ba. Da kai sakarai ne ka ce mata danna nan, da ba abin da ya faru. Kai kuwa abin da na yi shekara biyar ina tsakura maka, ka juye mata kafin azahar."

Na ce, "To da in bar marayu?"

Ya ce, "Ban ce ba. Na dai gaya maka abin da ka yi."

Bara 'yata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, ta haifi namiji. Ranar suna da safe na ɗauki na maza a ƙofar gida. Da la'asar, lokacin taron mata, ina zaune a zauren gidana da kyamara a cinya, sai ga Falmata da jaka a kafaɗa da faranti a hammata. Ta durƙusa ta ce, "Malam, ina wuni? Allah Ya raya." Na amsa. Ta shige. Na aika aka kira maiɗakina, ta zo bakin labule ta ce, "Haba Malam, kai da kanka ka san ba za ka shiga ɗakin jego ba, ga 'yar fari, ga mata cike. Da wa kake so mu kira?"

Na zauna ina kallon ƙasan labule. Haske ya gilma, a yi jim, ya sake gilmawa. Na ƙirga tsakaninsu. Ba ta yi gaggawa ba ko sau ɗaya.

Da aka kawo babban hoton, mai jego da jariri a hannu, na kai shi shago na ɗauko gilashin ƙara girma. Kwana uku ina neman aibi. Na duba goshi, na duba bayan kunne, na duba farin zanen goyo ko ya ƙone. Ban samu ba. Jaririn ya buɗe ido a daidai lokacin, kuma a cikin idon, ƙarami kamar ƙwayar gero, ga farantin.

Shi ne hoton da ke rataye a saman teburina, wanda kai Nura ka tsaya kana kallo ranar Talata kafin ka fara zancen janareta. Ban iya cire shi ba, jikana ne, kuma babu wanda ya kai shi kyau a bangon. To ku da kuke cewa dannawa ce kawai, ku ci gaba da dannawa, ba ku kuka ci tuwona ba. Wadda ta ci, sai da ta wanke hannu sau biyu, ta manne gwiwa, ta tambayi dalili.

Har yau mata sukan shigo yin fasfo, su ɗaga kai su gan shi. Sai ɗaya ta ce, "Kai, Baba, wannan ya yi kyau. Kai ka ɗauka? Muna da biki wata mai zuwa."

Sai in ce, "Ba ni ba ne."

"To wa?"

Sai in ajiye kyamara in fito bakin ƙofa, don kada su ɓata hanya, in nuna musu da hannu: Bagadaza, in kun wuce masu sayar da itace, layi na biyu, gida mai koren ƙyaure. Za ku ji ƙamshin turare tun daga nesa.